Busar da Aka Yi a Jana'izar Patrick

Kafanchan,
Jihar Kaduna.

Zuwa ga ƙanwata Yemima,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Justin da yara duka. Ina roƙon Allah ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar da kika ce ruwan Fatakwal yana tayar miki, ya kuma ba Hephzibah nasara a karatunta. Mu nan muna nan yadda kika san mu. Emilia hawan jininta ya ɗan sauka, ko da yake har yau ta ƙi rabuwa da gishiri. Cittar da muka shuka ta sake ruɓewa a ƙasa, masara ce kawai ta ɗan yi abin kirki. Ni kuma haƙarƙarina na hagu yana damuna in na yi tari, dalilinsa kuwa yana cikin abin da zan gaya miki.

Kin yi ta kirana har na daina ɗauka, kuma na ji kin ce wa Emilia zuciyata ta bushe. Ba haka ba ne. In kina kuka ba na iya magana, in na fara magana kuma ba kya saurare. Shi ya sa na zauna na rubuta, Caroline da ke kai doya can za ta miƙa miki hannu da hannu. Kin roƙe ni in sa ɗanki Godspower a mota ya taho wurinki kafin maganar ta yi nisa. Ki daure ki karanta har ƙarshe, domin abin da mutanen ƙauye suka gaya miki a waya ba shi ne abin da idona ya gani ba.

Kin san tun da aka cire darasin kiɗa daga makarantu, aka ce mutumin da gwamnati ta tura har Legas ya koyi rubuta kiɗa ya koma kula da yara suna share fili, ba abin da ya rage mini sai faya-fayan jaz ɗina da tsofaffin abokan da muka yi busa tare a kulob ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa, lokacin da jirgi yake jirgi. Kowace Asabar da yamma sukan taru a barandata, mu sa faifai, mu yi ta gardama a kan wane ne ya iya da wane ne mai hayaniya kawai. Daga nan ƙungiyar ta haɗu, mu goma sha biyar: waɗansu tsofaffin 'yan badujala ne da suka yi ritaya, waɗansu kuma a majami'a suka koyi busa. Ba wata daraja muke da ita a garin nan ba. In an kira mu biki, mutane suna cin shinkafa suna hira a kanmu, kafin mu kai rabi wani ya zo ya ce mu ɗan dakata za a sa na'ura a yi rawa. Amma dai muna yi. Abu ɗaya nake so ki gane game da irin kiɗan nan, don a kansa komai ya rataya. Ana rubuta wa kowa abin da zai busa, sai dai akwai wurin da ake barin fili, mutum ɗaya ya miƙe tsaye ya busa abin da ya zo masa a rai, sauran su riƙe masa baya. In ya miƙe, ba mai tsayar da shi, ko ni da na rubuta kiɗan.

A cikinmu akwai Zubair, Bafulatani ne daga rugar da ke hayin rafin ƙauyenmu, shi ke busa saksofon. Da sarewa ya fara yana kiwo, marigayi Patrick mai busa tirambon ya ji shi wata rana ya jawo shi. Patrick bai taɓa barinsa ya huta ba. Kullum sai ya ce ga Bafulatanin da ya sayar da saniya ya sayi ƙarfe, Zubair kuma ya ce ai gara ƙarfen, bai taɓa shiga gonar kowa ba. In lokacin sallarsa ya yi, Emilia ce ke shimfiɗa masa tabarma a bayan ɗaki, mu jira shi. Godspower ya san shi sarai. Ba sau ɗaya ba ya ɗauko shi a mashin daga bakin rafi zuwa gidana, sun ci tuwo a kwano ɗaya a gabana, Zubair yana ce masa Pawa. Ki riƙe wannan.

Kin tuna busar Baba, wadda yake hawa dutse ya yi da ƙaho in maharba sun dawo da nama, mata su fito da guɗa? A kanta na gina babban kiɗan da na daɗe ina so in rubuta kafin in mutu. Na ba tirampet kiran, na ba masu tirambon amsar, kamar yadda dutsen da ke hayi yake mayar wa Baba da muryarsa. Tun daminar bara muke maimaita shi, har ya zauna a leɓen kowa. Patrick ya so shi ƙwarai. Da ciwo ya kwantar da shi, ya ce mini in ban busa masa shi a bakin kabari ba, zai riƙa zuwa yana ɓata mini faifai.

Da ya rasu, matarsa Zipora ta zo gidana kan maganar jana'iza, ta tarar muna gwaji. Tana jin kiran sai ta ɗora hannu a ka. Ta ce Malam, kada ka kuskura a busa wannan a ƙauye. Ashe tun harin da aka kai mana a ƙauye, samari sun ɗauko ƙahon Baba daga ɗakinsa, sun mai da busarsa ta zama kiran gangami: duk wanda ya ji, ya jefar da fartanya ya ɗauki makami. Godspower ne da kansa ya ɗauko ƙahon. Ba wanda ya ga ya dace ya gaya mini, ni da nake babban ɗan mai ƙahon. Raina ya ɓaci, amma ban yi gardama ba. A gaban Zipora na soke wurin daga takardar kowa, na ce ko da wasa kada wani ya taɓa shi. Kowa ya ɗaga kai. Muka sake gwaji ba shi, komai ya tafi daidai.

Ranar jana'izar, bayan doguwar sujada a majami'a, muka jeru a bakin kabari rana tana tsaka. Yemima, ban taɓa jin mun yi busa irin ta ranar ba. Mutanen da suka saba hira a kanmu sun yi tsit. Zubair ya miƙe ya yi nasa, har na ga fasto yana share ido. Sai layi ya zo kan Gershon mai tirampet, wanda Patrick ya koya wa riƙe ƙaho tun yana saurayi. Ya miƙe, ya rufe ido, hawaye na zuba, ya yi ta hawa yana hawa, da ya kai ƙarshen numfashinsa sai leɓensa ya tafi inda ya saba zuwa. Ya busa kiran Baba. Masu tirambon kuma, dattawa masu jikoki, waɗanda suka ji gargaɗin Zipora da kunnensu, suka amsa masa gaba ɗaya, don haka jikinsu ya koya. Ya sake, suka sake, da ƙarfin da ya fi na farko. Ina ɗaga hannu, ina buga masa teburin takarda, idonsa a rufe.

Kafin in kai gare shi wuri ya hargitse. Mata suka kwasa da gudu da yara a hannu, rumfa ta faɗi a kan mutane, kujeru suna karyewa. An ture Zipora ta faɗa gefen ramin mijinta ta fasa goshi. Wata tsohuwa daga Nok an tattake ta har ƙafarta ta karye, ƙashi ya fito. Sai muka fara jin mashina daga ta gonaki, ta ko'ina. Samari ne, biyu biyu uku uku a kan kowane mashin, da adduna da gatura da bindigogin gida, waɗansu ko riga babu. Kowa tambayarsa ɗaya: ina suke? Ina ta ihu cewa kuskure ne, kiɗa ne, ba kowa. Ba wanda ya ji ni. Mutumin da ya baro gona a guje da niyyar mutuwa ba ya son a ce masa ya koma, ba komai.

Duk 'yan ƙungiya sun watsar da kayan busarsu a ƙasa sun gudu, ban da ni da Zubair. Shi ya tsaya ya cire bakin saksofon ɗinsa, ya goge, ya kwantar da shi a akwatinsa ya kulle, yadda yake yi bayan kowane wasa, sannan ya nufi motar da ta kawo mu. Akwatin baƙi ne, dogo. Wani ya ɗaga murya ya ce ga ɗaya nan da bindiga a akwati. Suka yi masa zobe. Da wani ne da ya jefar da akwatin ya ɗaga hannu. Shi sai ya rungume shi a ƙirji. Na taho da gudu iyakar abin da ƙafata za ta iya, ina kiran sunayen yaran da na sani, waɗansunsu ni na koyar da iyayensu. Kafin in isa wani ya kai masa gora a baki. Na ji ƙarar haƙora. Ya durƙusa, jini yana zuba a kan farar rigar ƙungiya, suna ta dukansa a baya da ƙota suna cewa ya saki, hannunsa na dama yana nan a kan mariƙin akwatin. Na kutsa na faɗa a kansa, wani ya tokare ni da gindin bindiga a haƙarƙari.

Da na ɗago kai, ɗanki na gani tsaye da adda a sama. Ba duhu, ba hayaƙi, tsakanina da shi bai fi tsawon hannu ba. Na ce masa, "Godspower, Zubair ne." Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Na san shi, Kawu. Matsa." Ya sauke addar a kan hannun. Yatsu uku suka faɗi a ciyawa. Akwatin ya buɗe, saksofon ya mirgino yana ƙyalli a rana. Sai wani daga baya ya yi dariya, wani kuma ya sa ƙafa ya taka saksofon ɗin har ya lanƙwashe. Da ba don matan zumuntar majami'a sun dawo sun kwanta a kan Zubair da jikinsu suna kiran sunan Yesu ba, da gawa biyu aka binne ranar. Gershon ne ya tsince yatsun a hankicinsa, yana tafe yana amai. A asibiti suka ce ba abin da za a iya yi da su. An ɗinke masa leɓe, haƙoran gaba sun tafi. Ko da hannun ya rage, da wannan baki ba zai sake busa komai ba.

Na san abin da za ki ce, don ni ma na faɗa wa kaina. Godspower ne ya kwaso gawar abokansa daga gona lokacin harin, shi ya haɗa kan wani da gangar jikinsa kafin a rufe. Na san yana kwana a daji yana gadi ni ina kwance a Kafanchan. Ban raina wannan ba. Amma a jana'izar waɗancan yara, Zubair ya ƙetaro rafi ya busa musu, alhali mutanensa sun hana shi zuwa. Godspower yana wurin. Da a ce a ruɗe ya sare shi bai gane shi ba, da na yi shiru na bar wa Allah. Ya gane shi, ya kuma faɗa da bakinsa.

Dattawa suka kira taro a gidan mai unguwa. Na je da haƙarƙarina a ɗaure. Suka yanke cewa duk wanda hukuma ta tambaya ya ce baƙi ne da ba a san su ba. Sannan suka juyo kaina. Wani da ko sunansa ba ya iya rubutawa ya ce kiɗan Turawana ne ya jawo masifa, wai karatu ya yi mini yawa. Aka ci Gershon tarar akuya saboda ya busa ƙaho ba izini. Wanda ya sare hannun mutum kuwa, har aka tashi ba a ambaci sunansa ba, yana zaune a bayan taron yana danna waya. Na ce musu to ni na gani. Mai unguwa ya ce Malam Zamani, kai ma ɗan garin nan ne, nan za a binne ka, ka tuna.

Na je asibiti. 'Yan sanda sun riga sun tambayi Zubair, ya ce musu bai ga fuskar kowa ba. Da suka fita na tambaye shi dalili. Da ƙyar maganar ke fita ta cikin ɗinki. Ya ce ai Pawa ɗan gidana ne, shi kuma ya ci abincin Mama Emilia da yawa. Sai ya tambaye ni ko za a iya gyara saksofon ɗin. Na yi masa ƙarya na ce za a iya. Wannan ce kaɗai ƙaryar da na yi a cikin maganar nan duka.

Bayan haka mahaifiyarsa Nene ta zo gidana, tsohuwa ce da ta girme ni. Emilia ta ba ta kujera ta ƙi, ta zauna a ƙasa a bakin ƙofa. Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Ta ce samarin ruga sun kira 'yan'uwansu daga nesa, dattawa ne ke riƙe da su, sun ce a jira a gani ko ƙauyen zai fito da mutum ɗaya. In aka ce ba kowa ne ya yi ba, to wurinsu kowa ne ya yi. Ba ta ce in ba ta suna ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, kai kana wurin." Ta tashi ta tafi, ko ruwa ba ta sha ba. Ke kin san gidajen da ke bakin rafin nan, kin san na wane ne da na wane ne, kin san yara nawa ke kwana a cikinsu. Na ga yadda irin wannan ke ƙarewa sau da yawa a ƙasar nan, har na gaji da zuwa jana'izar rami ɗaya.

Godspower ya zo gidana kamar yadda kika umarce shi, da jakarsa, yana jiran in sa shi a mota. Na zaunar da shi na tambaye shi ko ya je ya ga Zubair. Ya ce me zai je ya gani, duk ɗaya suke, yau yana busa maka gobe yana nuna wa 'yan'uwansa hanya. Ya ce ni ban san komai ba sai faifai. Na nemi ko alamar nadama a fuskarsa, don in sami abin da zan riƙe in bar shi ya tafi. Ban samu ba. Sai na gaya masa a fili cewa ofishin 'yan sanda za ni, in faɗi abin da na gani da sunansa. Ban kulle ƙofa ba, ban ɓoye makullin mashin ɗinsa ba. Ya yi dariya ya ce ba zan iya ba, ya ce wa Emilia ta ƙara masa miya. Na sa takalmina na tafi. Da muka dawo da 'yan sandan yana nan a baranda yana wanke hannu. Bai gudu ba, bai yi kokawa ba. Da aka sa masa ankwa ya tofa yawu a gabana, ya ce, "Ka gaya wa Mama da bakinka." To ga shi na gaya miki.

Yana tsare yanzu, za a kai shi kotu, ni ne kuma shaida. Zan maimaita abin da na rubuta miki nan, ba ragi ba ƙari, har da abin da ya gani lokacin harin, in alƙali ya ba ni dama. Emilia tana kai masa abinci, yana karɓa daga hannunta, ni ya ce kada in zo. An jefe tagogina da duwatsu, an aiko mini cewa kada in sake taka ƙauye, kuma in nemi inda za a binne ni. Wannan bai dame ni ba, ƙasa ko'ina ƙasa ce. Baƙin da suka zo ruga sun koma inda suka fito, mutanenmu na bakin rafi suna girbin masararsu. Ba wanda zai gode mini, ban kuma sa rai ba. Ƙungiya ta watse. Gershon ya kai akuyarsa, tun ranar bai sake taɓa tirampet ba, yana zaune a asibiti yana ba Zubair kunu da cokali.

Abin da za ki iya yi masa yanzu shi ne ku nemi lauya mai tsoron Allah, ke da Justin, kuma ki zo da kanki. Ke kaɗai ce zai iya sauraro. Kada ki zo don ki roƙe ni in janye, ba zan janye ba. Ki zo ki zauna da ɗanki ki tambaye shi abin da ni na kasa sa shi ya amsa. In kin sami ƙarfin zuciya, ki biya asibiti ki ga hannun da idonki, sannan ki zo ki zage ni yadda kike so, zan zauna in ji.

Ki gaishe mini da Justin, ki ce masa na san ransa a ɓace yake, ban ga laifinsa ba. Ki gaishe da Hephzibah da ƙannenta, kada ki ɓoye musu, gara su ji daga gare ki. Emilia tana gaishe ki da kuka, ta ce ta gyara miki ɗakin baya. Zipora ma tana gaisuwa, goshinta ya warke. In kin iso Kafanchan gidana a buɗe yake. In kuma kin ga ba za ki iya kwana ƙarƙashin rufina ba, ki sauka wurin Caroline, Emilia za ta kawo miki abinci can. Ubangiji ya kiyaye hanya, ya ji tausayinmu duka.

Ni ne yayanki, uwa ɗaya uba ɗaya, ko kin amsa ko ba ki amsa ba,

Zamani